Sai-an-rage da Ƙarfen Kwatangwalo

A duk layin masu kwanuka da tukwane na babbar kasuwa, ba mai kiranta da sunan da iyayenta suka raɗa mata. Sai-an-rage ake ce mata, har jikokinta ma haka suke faɗa in ta ba da baya. Kuma ba a banza ta samu sunan ba. Matar nan ko allura za ta saya sai ta taya, mai kaya ya ce albarka, ta ɗan ƙara, ya ce albarka, sai ta ja tsaki, ta gyara mayafi, ta juya ta kama hanya. Ba sauri take yi ba. A hankali take jan ƙafa, kunnenta na baya, kafin ta yi nisa za ka ji mai kaya yana ƙwala mata kira: "Dawo mana, kawo kuɗin!" Shekara da shekaru haka take yi, da wuya ta kai ƙarshen layi ba a kira ta ba. Da wannan juya bayan ta aurar da 'ya'yanta, da shi ta sake rufin gidansu.

To, a shekarar da nake ba ku labarinta, mijinta ne ciwo ya kayar. Mai aski ne, tun yana saurayi yake tsaye a bayan kujera, nauyinsa duk a kan ƙafar hagu, har kwatangwalon ya ce ya gaji. Da ɗingishi abin ya fara, aka koma sanda, aka kai ga sai ya dafa kafaɗar wanda yake wa aski kafin ya zagaya ɗaya gefen. Daga baya dole ya rufe shagon. Yanzu daga gado zuwa banɗaki sai ya tsaya a hanya, ya jingina da bango, gumi na keto masa. Likita ya ɗaga hoton ƙashin ya duba, ya ce ƙashi ne ke gugar ƙashi, ƙwaya da allura ba abin da za su yi, sai an yi aiki an cire kan ƙashin an sa na ƙarfe. Ya kuma ce kada a ja lokaci, don ƙafar da ba a takawa tsotsewa take yi, in abin ya yi nisa ko an yi aikin ba lalle ya miƙe kamar dā ba.

Maganar nan ta ƙarshe ita ta hana Sai-an-rage sukuni. Kullum da safe in tana shafa masa man zafi sai ta faki idonsa ta auna cinyar da tafin hannunta, ta gwada da ta dama.

Babban asibitin garinsu ta fara zuwa. Wani mai kwat ne a ofis mai sanyi ya gaya mata kuɗin aikin, yana murmushi kamar albishir yake yi mata.

Ta ce, "Na ƙafafun biyu ke nan, ɗan nan?"

"Na ɗaya ne, Mama."

"Har da sabon miji za a haɗa mini?"

Ya yi dariya, ya shiga yi mata bayani. Ƙarfen daga ƙasar waje ake kawo shi. Ginin nan haya suke biya, a tsakiyar birni kuwa. Likitoci da ma'aikatan jinya a birnin nan suke zaune, da farashin birni suke biyan gida da makarantar 'ya'yansu, dole albashinsu ya tashi. Ga injin wuta da ba a kashewa, ga kuɗin gado, ga na gashin ƙashi bayan aiki. Ta bar shi ya kai aya, ta ce to yanzu nawa zai rage. Ya ce nan ba a ragi. Ta miƙe ta fita, ko jan ƙafar ma ba ta yi ba, don ta san ko da an rage mata ba ta da abin da zai kai.

Daga ranar ta kasa zaune ta kasa tsaye. A shago mai saye zai miƙo kuɗi ta ba shi canji fiye da kima, ita da ba ta taɓa kuskuren ko sisi ba. Duk wanda ta hango yana ɗingishi sai ta tare shi, an taɓa yi maka aiki, a ina, nawa aka karɓa? Wani ya amsa, wani ya harare ta ya wuce. Ta cika wayarta da lambobin asibitoci. Abin da ya fi ɗaure mata kai, kowane gari da nasa farashin. Can ya fi na garinsu tsada. Can ya ɗan yi ƙasa, amma ban da kuɗin gado da magani. Can kuma sai ka je da ƙarfenka a hannu, kamar mai kai yadi wajen tela. Tukunya dai ta san abin da ke sa ta yi tsada a nan ta yi arha a can, kuɗin mota ne da na dako. Amma kwatangwalo fa? Mutanen can ƙashinsu daban ne da namu?

Ƙanenta ne ya warware mata. Direban babbar mota ne, yana jigilar kaya gari-gari, ba inda bai sani ba. Wata rana da tsakar rana ya faɗo shagon, ya kifa baho ya zauna a kai, ya ce ya samo mata wani ƙaramin asibiti a wani gari, tafiyar awa uku, inda ake aikin a kusan rabin kuɗin birni.

"Rabi? Kai, raba ni da shirme. Arha irin wannan akwai abin da ke ƙasa."

"Ba komai a ƙasa, Yaya. Filin nasu ne, ba sa biyan haya. Ma'aikatansu 'yan garin ne, da ƙafa suke zuwa aiki. Likitan ƙashin kuma ba can yake zaune ba, sau biyu yake zuwa a shekara. Ya zo da ƙarafansa a kwali, sari guda, ya jera mutane ya yi musu aiki ɗaya bayan ɗaya, ya kama gabansa. Ke da kike sari ai kin fi ni sanin bambancin sayen kwali da sayen ɗai-ɗai."

Wannan yaren ta gane shi sarai. Ta tambaya yaushe likitan zai zo, ya ce ai yana can ma yanzu haka.

Ba ta ga ta zama ba. Ta karya farashin manyan tukwanenta ta sayar, ranta na ƙuna. Ta kai sarƙarta da 'yan kunne aka auna. 'Ya'ya suka kawo abin da ya sawwaƙa, direban ma ya zuba nasa. Kuɗi suka cika cif, har da ɗan abin mota. Shi mai aski bai san lissafin ba. Tun da suka yi aure ita ke riƙe da kuɗin gidan, nasa dai ya yi aski ya miƙa mata, kuma tun da ya kwanta kunya ta hana shi ko tambaya. Da ta ce masa za ta je ta gano asibitin, "Allah ya kiyaye hanya" kawai ya ce, amma ta ga yadda fuskarsa ta washe.

Da sassafe suka kama hanya a gaban motar ƙanen, hoton ƙashi a ambulan, jakar kuɗi a kan cinyarta ta danne da hannu biyu. Asibitin ƙarami ne, fentinsa ya koɗe, amma tsaf yake. A baranda mutane ne jere a kan benci, kowa da sandarsa, kowa da ambulan irin nata. Aka shigar da hoton wajen likita, ta jira, aka fito aka tura ta tagar biyan kuɗi. Wata dattijuwa ce mai tabarau a bayan tagar, mai fara'a.

"Baiwar Allah, kin taki sa'a," in ji dattijuwar. "Likita ya ce akwai ƙarfen da ya yi daidai da mijinki, amma saura ɗaya. In kin biya yau, sai ku kawo shi cikin makon nan."

Ta faɗi kuɗin. Daidai da abin da direba ya ce, daidai da abin da ke cikin jaka.

Saura ɗaya! Sai-an-rage ta ji wani murmushi yana taso mata, ta danne shi. Ita za a gaya wa saura ɗaya? Ita da take faɗar haka sau goma a yini, alhali kwali na cike a ƙarƙashin tebur ta dafe shi da ƙafa? Ashe har a asibiti an iya kasuwa. Nan take ta lissafa a ranta cewa waɗanda suka iya yin aiki a rabin kuɗin birni, ai akwai sauran wuri a ƙasa. Hannunta da ya fara zuge jakar ya tsaya cak.

"'Yar'uwa, a dai duba mana. Daga nesa muka zo."

"Ba ni na yanka farashin ba. Daga sama yake zuwa."

Wannan ma ta san shi. Duk yaron shago haka yake cewa, kayan ba nawa ba ne, na maigida ne. Ta taya, ta zabge wani ɗan abu da bai taka kara ya karya ba. Dattijuwar ta girgiza kai. Ta ɗan ƙara. Dattijuwar ta sake girgiza kai, ta cire tabarau tana kallonta.

"To, ni kam ba zan iya ba," in ji Sai-an-rage. Ta faɗi lambar wayarta aka rubuta, ta ja tsaki ƙasa-ƙasa, ta gyara mayafi, ta juya.

Ta bi barandar a hankali, ta wuce masu sanduna ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya ta gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Ta sauka daga matakala, kunne a baya. Shiru. A gindin bishiyar tsakar asibitin ta sake tsayawa kamar mai shan inuwa, abin da ta jiyo kawai muryar dattijuwar tana cewa mai bi ya matso. Da ta kai bakin ƙofa gabanta ya ɗan faɗi, amma ta ce a ranta wannan mai taurin kai ce, irinsu sai an kwana biyu suke saukowa.

Direba na jingine da mota yana jiranta. "Yaya, an gama?"

"Za su kira."

"Wane irin kira kuma? Ba ki biya ba?" Ya kalli jakar, ya ga yadda take a kumbure. Ya dafe kai. "Innalillahi! Yaya, asibiti ne fa nan! Koma ki biya, don girman Allah."

"Ka taɓa ganin wanda ya juya ya koma da ƙafarsa? Ai ya nuna shi ke so ke nan. Ja mota, kai dai tuƙi ka sani."

Ya buɗe baki zai ƙara, ta zare masa ido. Ita ta goya shi yana jariri, bai taɓa iya musu da ita ba. Ya tada mota yana huci, suka kama hanyar gida.

Ta gaya wa mai aski an ga hoton, akwai ƙarfensa, za su kira. Bawan Allah ya ɗaga hannu ya yi godiya. Washegari ya sa aka wanke masa kaya aka goge, aka jera a jakar tafiya. Duk wanda ya zo duba shi sai ya ce masa ya tara gashinsa, kada ya kai wa kowa, shago ya kusa buɗewa. Suna dariya, ita tana jin abin kamar ana soka mata tsinke.

Wayar kuwa ta zame mata jaraba. Tana girki tana hannunta, tana wanka tana kan taga. A kasuwa ta ari ta maƙwabciyarta ta kira kanta don ta ji ko kira na shiga. Yana shiga, lafiya lau. Duk ƙarar da ta yi sai ta zabura: 'yarta ce, mai kawo sari ne, wani ne da ya yi kuskuren lamba ya sha faɗa bai san laifinsa ba. Abinci ya daina wuce mata. Ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta ɗauko lambar asibitin ta zuba mata ido, ta mayar da wayar, ta ce a'a, wanda ya fara kira shi ya faɗi. Kwanaki suka yi ta tafiya, ba kira ba dalilinsa. Direba ya buga mata ya fi a ƙirga, ta ƙi ɗagawa.

Ran nan da hantsi mai aski ya zame a bakin banɗaki. Allah ya sa tana kusa, ta tare shi da ƙirjinta, suka tafi tare suka jingina da bango. Ta ji yadda ya yi sakayau a hannunta, mutumin da dā ba ta iya ɗaga ko hannunsa. Yana haki ya yi mata murmushi, ya ce, "Ƙara haƙuri da ni, maman yara. Ai an kusa."

Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba a rayuwarta. Ta zaunar da shi a tsakar gida, ta kira 'yarta ta zo ta kula da shi, ta suri jaka sai tasha. Mai yankan tikiti ya faɗi kuɗin mota ta miƙa masa. Ya riƙe kuɗin yana kallonta, ya ce, "Mama, yau ba ragi?" Ta wuce shi ta shige mota. Motar kuma kamar da gangan, duk wanda ya ɗaga hannu a bakin hanya sai ta tsaya. Ta yi faɗa da mai tuƙa motar, ta yi da yaron mota, ta yi da wata mata da ta ce a tsaya ta sayi ruwa.

Da ta shiga asibitin ta tarar bencin baranda ya yi fili. Wani tsoho ne kawai a tsaye cikin rigar majinyata, ya dafa ƙarfen koyon tafiya, yana ɗaga ƙafa yana saukewa, matarsa na gefensa tana ta faɗin "sannu, sannu, a hankali". Sai-an-rage ta kau da kai ta wuce tagar da sauri. Tun kafin ta yi sallama ta zuge jaka ta fara turo kuɗin ta ƙasan gilashi.

"Ga su, 'yar'uwa, a cike suke. Ƙirga."

Dattijuwar ta gyara tabarau, ta gane ta, fuskarta ta canza. Ta turo kuɗin baya a hankali. "Ayya, baiwar Allah. Ai an sa wa wani. Washegarin zuwanki aka biya."

"Duba dai kwalin da kyau. Ba za a rasa wani a ƙasa ba."

"Babu. Ai na gaya miki saura ɗaya. Kowa da girman ƙashinsa, kuma ƙidayayyu likita ke zuwa da su. Shi ma ya gama, gobe zai tafi."

"Zan ƙara." Ta sake tura kuɗin. "Faɗi nawa, zan ƙara a kai. Zan sayar da shagon."

"Ko ninki kika ba ni, ba ni da shi. Sai dai in ya sake zagayowa, nan da watanni. Kuma kada in ɓoye miki, ƙarfen tashi yake yi, ban san yadda farashin zai kasance ba a lokacin."

Sai-an-rage ta riƙe bakin tagar da hannu biyu. "To me ya sa ba ki kira ni ba? Ba na bar miki lamba ba? A hankali nake tafiya, har tsayawa na yi a gindin bishiya!"

Dattijuwar ta dube ta da mamaki. "In kira ki in ce me? Ke kika ce ba za ki iya ba. Na ɗauka kuɗinki ne ba su kai ba. Wallahi ranar har na koma gida ina jin tausayinki."

Sai-an-rage ta saki bakin tagar. Ta tattara kuɗin ta cusa a jaka, ta fita. Yadda aka yi ta kai tasha ma ba ta sani ba.

Rana ta yi sanyi lokacin da ta iso gida. Mai aski na zaune a tsakar gida inda ta bar shi, a kan doguwar kujera, ƙafar hagu a miƙe. 'Yarsu ta shiga kicin. Ya kalli fuskar matarsa, ya kalli jakar, ya ce, "Sannu da hanya. Ya aka yi?"

Ta tsuguna a gabansa. "An ba wani. Sai likitan ya sake dawowa, nan da watanni."

Ya shafa gwiwarsa. Can ya ce, a hankali, kamar mai jin nauyin maganar, "Kuɗin ne ba su cika ba, ko? Dama na yi zargin haka. Kin yi iya ƙoƙarinki, maman yara. Kada ki sa wa ranki damuwa, ni na ɗora miki abin da ya fi ƙarfinki."

Ga hanya ya buɗe mata da kansa. Da ta gyaɗa kai shi ke nan, ƙanenta ba zai taɓa tona ta ba. Ta dubi mutumin nan da ke ba ta haƙuri a kan laifinta, ta ji ta tsani kanta.

"Sun cika," ta ce.

"Na'am?"

"A cike suke tun zuwan farko. Suna jakata ina tsaye a gaban tagar. Tayi na yi, na juya, ina jiran su kira ni."

Ya daɗe yana kallonta. Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ta fi so. Ya ce, "Nawa kika ce su rage?"

Ta faɗa masa, kanta a ƙasa.

Ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. "Kuɗin askin mako guda ke nan," ya ce. "Da ina tsaye."

Ya laluba sandarsa ya yunƙura zai tashi. Ta yi wuf ta miƙa hannu za ta kama shi.

"Bar shi," ya ce.

Ya dafa bango. Ya ɗauki lokaci kafin ya kai ƙofar ɗaki, tana tsugune tana kallonsa.